Dardumar Nane Gohar

Akwai wani mutum a nan Kashan ana ce masa Agha Bahman. In kun taɓa ganin wanda zai ɗora shayi a wuta, ya tsaya a kan buta yana yi mata faɗa don ba ta tafasa da wuri ba, to kun ga Bahman. Ba ya zama. Ko gaisuwar mutuwa ya je, ƙafarsa ɗaya a ciki ɗaya a waje, mukullin mota na kaɗawa a yatsansa.

Sana'arsa sayar da kafet na inji, irin wanda masana'antun bayan gari ke fitarwa ɗari-ɗari a yini. Shekara ashirin yana wannan harka, kuma Allah ya buɗa masa. Daga nan ne fa ya ɗauka babu wani abin shimfiɗa a duniya da bai san cikinsa da bayansa ba.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Nane Gohar, masaƙiyar hannu ce. Ta rasu a farkon kaka, lokacin da rumman ya cika kasuwa. Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bari darduma ce guda ɗaya ta ulun tumaki, ja jawur, da babban farin fure a tsakiya. Shekara uku ta yi tana ƙulla ta, ƙulli bayan ƙulli, tun 'ya'yanta suna ƙanana. Duk abin da ta saƙa a rayuwarta dillalai sun kwashe, wannan ce kaɗai ta ƙi sayarwa.

Dardumar tana gidan yayar Bahman, Abji Shokat, inda tsohuwar ta ƙarasa kwanakinta.

Da addu'ar arba'in ta matso, Bahman ya kafe a gidansa za a yi, wai falonsa ya fi girma kuma akwai manyan baƙi daga Tehran. Ya leƙa gidan yayarsa, a tsaye kamar kullum, idonsa ya faɗa kan dardumar.

"Abji, wannan fa za ta yi kyau a falona ranar arba'in."

"Taka ce, ɗan'uwana, ɗauki," in ji Shokat.

Ku da kanku kun san wannan magana. In ka yaba abin mutum ya ce naka ne, kai kuma sai ka ce a'a, ya fi kyau a hannun mai shi, a yi murmushi a wuce wurin. Ko ɗan yaye ya san haka. Amma Bahman ba shi da lokacin wannan ja-in-ja. Kafin Shokat ta rufe baki ya naɗe darduma ya saɓa a kafaɗa.

Ta biyo shi har bakin ƙofa babu ko takalmi.

"Bahman! Ban da tafin ƙafa kada komai ya taɓa ta. Kada ka wanke, kada ka goge, kada ka gyara mata komai. Ka ji ni?"

"Haba Abji, ni za a koya wa shimfiɗa?" Ya riga ya tayar da mota.

Arba'in ta faɗo ranar Alhamis. Ranar Juma'ar da ke gabanta, saura kwana shida, Bahman na ta safa da marwa a falo bayan azahar, waya a kunne, kofin ruwan rumman a ɗaya hannun. Faɗa yake yi da mai dafa shinkafar baƙi. Ya ɗaga hannu zai nuna wa mutumin da ba ya ganinsa girman tukunyar da yake nufi, sai kofi ya tuntsure. Ruwan bai zuba ko'ina ba sai kan farin furen nan na tsakiya.

"Innalillahi! Tsaya, kada ka taɓa!" Matarsa Mahin ce ta fito da gudu riƙe da farin tawul. Ta durƙusa ta fara dannawa a hankali. "Tsotse shi ake yi, daga gefe zuwa tsakiya. Sai ruwan sanyi kaɗan-kaɗan da ɗigon ruwan khal mai tsami don kada launi ya motsa. Haka Nane take yi."

"Wannan danne-dannen sai yaushe? Sai an yi arba'in ɗin tawa? Matsa ki gani."

Ya shige kicin ya ɗauko butar da ke tafasa, da garin sabulu, da burushin da yake wanke tayar mota.

"Bahman, don girman Allah, ruwan zafi ne fa!"

"A shago haka muke yi, minti biyar an gama."

"Na shagonka roba ne! Wannan gashin tunkiya ne, bawan Allah!"

Ina! Ya tuttula ruwa, ya barbaɗa sabulu, ya duƙa ya hau dirza da dukan ƙarfinsa. Kumfa ta tashi fara, ta koma ruwan hoda, ta koma ja. Da ya ɗago burushi, jan da ke kewaye da furen ya zuba ya malale cikin farin. Tabon da bai wuce tafin hannu ba ya zama faɗin faifai. Ulun wurin ya cukurkuɗe ya dunƙule, falo ya gauraye da ƙarnin jiƙaƙƙiyar tunkiya.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mahin ta zauna a ƙasa ta rafka tagumi.

Sai waya ta yi ƙara. Abji ce.

"Ya dardumar Nane? Ta zauna daidai a falon?"

Bahman ya juya wa dardumar baya. "Tana nan kalau, Abji. Kalau take."

Wallahi da a nan ya faɗi gaskiya, da labarin nan bai kai inda zai kai ba.

Asabar da sassafe ya loda darduma a mota ya nufi ƙauyen Fin da ke gefen gari, wajen Usta Nosrat. Usta tsoho ne mai wankin darduma a bakin idon ruwa, da dogon takalmin roba da hannaye duk faso. Shekara talatin shi ke wanke wannan dardumar duk gabanin sabuwar shekara, har ya fi Bahman sanin ta.

Ya warware ta a kan dakalin dutse. Ya daɗe yana kallo, ya sa hanci ya shinshina, sannan ya ɗago.

"Wa ya dafa ta?"

"Yara ne, Usta. Ka san halin yara."

"Yaran nan naka gemu gare su? Wannan aikin hannun ƙato ne. Ai da ka ƙarasa ka sa mata gishiri da albasa, sai a kira baƙi."

"Usta, ba wasa ya kawo ni ba. Ranar Alhamis nake son ta."

"Wace Alhamis?"

"Wannan mai zuwa. Arba'in ɗin Nane."

Tsohon ya shafa dardumar. "Allah ya jiƙan Gohar, hannunta mai albarka ne. Kwana goma, Agha Bahman, in Allah ya yarda."

"Goma? Usta, a kwana goma ai sai a saƙa wata!"

"A wajenku ba. Saurara ka ji. Jan nan da ya fita daga gidansa ya shiga gidan fari, ba a fitar da shi da duka. Kifa ta zan yi cikin ruwa mai gudu, mai sanyi, ya riƙa janye shi kaɗan-kaɗan. In fito da ita, in wanke da kumfar saiwar nan da muke sabulu da ita, ina bin inda gashin ya kwanta. In shanya ta bushe sarai, in duba, in sake mayarwa. Sau uku, wataƙila huɗu. Ga shi ranar kaka ba ta da ƙarfi. Komai gaggawar ungozoma ta bari a haihu."

"To ran Alhamis me zan shimfiɗa wa mutane?"

"Kai da kake da shago cike da kafet? Shimfiɗa ɗaya, ka gaya wa yayarka gaskiya. Za ta wanke ka tas na yini guda, ta huce."

Bahman ya kau da kai, yana ta juya mukulli. Sai idonsa ya sauka a kan wani abu kusa da ƙarshen dardumar. Wani layi ne mai faɗin tafin hannu, ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, inda jan ya dushe ya koma ƙasa-ƙasa. Bai taɓa lura da shi ba. Ina zai lura, a daidai nan tsohuwar take zama kullum, shi kuma bai taɓa daɗewa a ɗakin har ta tashi ba.

"Tunda abin ya zo, Usta, ka haɗa da wannan tsohon tabon. Ina jin shayi ne Nane ta riƙa zubarwa. Baƙin Tehran ba za su zo su ga wannan ba."

Usta Nosrat ya dube shi sama da ƙasa.

"Wannan ba tabo ba ne. Shekarar da mahaifiyarka..."

Waya ta yi ƙara. Bahman ya ɗaga wa tsohon hannu alamar ya dakata, ya juya baya ya hau faɗa da mai hayar kujeru. Da ya gama har ya kai bakin mota.

"Ka tambayi yayarka labarin layin nan!" Usta ya ɗaga murya.

"To, to, na ji!"

Amma ta yaya zai tambaye ta? In ya tambaya za ta ce me ya kai shi duba wurin, daga nan sai maganar wanki, daga wanki sai rumman. Ƙaryar jiya ta riga ta toshe masa wannan ƙofa.

Lahadi Bahman bai sayar da ko ƙyalle ba. Ya shiga shago, ya fita, ya dawo. Ya kira Usta sau bakwai, ba a ɗauka ba, don wayar tsohon tana aljihun rigar da ya rataye a reshen bishiya. Ya zauna cin abinci, cokali biyu ya miƙe. Mahin ta ce ya bar zirga-zirgar nan haka, jiri yake sa ta.

"Ki ƙirga mana! Litinin, Talata, Laraba. Shi ke nan fa!"

"Ka kira Abji ka gaya mata. Ko in kira ta ni?"

"Kika kuskura!"

Litinin da hantsi ya kasa daurewa, ya figi mota sai Fin. Ya tarar da dardumar a kife cikin magudanar ruwa, an danne kusurwoyinta da duwatsu. Usta kuwa na zaune a gindin bishiya, ƙwayar sukari a baki, yana kurɓar shayi hankali kwance.

"Usta! Kwana biyu! Abin da ka yi ke nan, ka jefa ta a ruwa ka zauna shan shayi?"

"Ruwan yana aiki. Zauna in zuba maka."

"Ban zo shan shayi ba!"

"Na sani. Tunda aka haife ka ban ji wanda ya ce ya ga ka gama kofi guda ba. Zo ka duba, jan ya fara sakin farin."

Gaskiya ne ya fara, amma kaɗan ne, irin wanda sai mai natsuwa yake gani. Bahman ya leƙa bai ga komai ba sai ranar Alhamis tana tunkaro shi. Ya tuɓe takalmi ya faɗa ruwa, ya ture duwatsun, ya hau jan darduma. Jiƙaƙƙen ulu nauyi gare shi kamar gawa. Ya yi nishi, ya zame, ya tashi, har ya tura ta cikin mota. Usta bai taya shi ba, bai kuma hana shi ba.

"Ta mahaifiyarka ce, ba ni da ikon riƙe ta," in ji tsohon. "Amma duk inda za ka kai ta, ka ce kada su taɓa layin nan. Na roƙe ka."

Ƙarar mota ta cinye rabin maganar.

A kan babbar hanya akwai wani kamfanin wanki, ba zan kama suna ba, da ƙaton allo an rubuta a kawo yau a karɓa jibi. Manajan wurin ya fito cikin kwat yana murmushi, ya taɓa darduma da bakin takalminsa.

"Yallaɓai, wannan ai ƙaramin abu ne. Muna da magani, yana taɓawa tabo ya tashi. Tsofaffin bakin ruwan nan ɓata wa mutane lokaci kawai suke yi."

Abin da kunnen Bahman ke son ji ke nan tun ranar Juma'a. Ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

"Wannan layin fa? Wani ya ce wai kada a taɓa."

"Saboda bai iya ba ne. Za mu daidaita shi da sauran, ko mai ita ba za ta gane wurin ba."

"Yauwa! Haka nake son in ji."

Laraba da la'asar aka kawo darduma a naɗe cikin leda. Da aka warware, Bahman ya yi tafi. Farin fure ya yi fari fat, har ya fi yadda yake a da. Ja ya zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Babu tabo, babu layi.

Mahin ta durƙusa ta shafa. Ta ɗago hannu ta shinshina.

"Ta yi kaushi. Kuma warin magani take yi."

"Ke dai ba a iya miki. Buɗe taga, ki yayyafa ruwan wardi. Kwana goma wai! Ina ma Usta ya zo ya ga aiki."

Alhamis da safe, kafin a tafi maƙabarta, Abji Shokat ta iso da farantan halwa, alewar da ake rabawa a makoki, da dabino. Ta miƙa wa Mahin, ta cire takalmi, ta shiga falo. Ba ta gaisa da kowa ba tukuna. Kai tsaye ta nufi ƙarshen dardumar, ta durƙusa, ta ɗora tafin hannu.

Ta shafa. Ta matsa gaba ta sake shafawa. Sai ta miƙe ta koma ɗaya ƙarshen, tana zaton a juye aka shimfiɗa. Nan ma ta shafa, ta shafa.

"Bahman, ina dardumar Nane?"

"Ga ta kina kai, Abji. Ba ki ga yadda ta yi kyau ba? Ɗan gyara na sa aka yi mata."

"Ina layin?"

"Tsohon tabon nan? An cire shi. Ai ba daɗi baƙi su..."

"An cire shi." Ta maimaita a hankali, ta zauna daɓas.

Mahin ta tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu. Shokat ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Kana shekara biyar sanƙarau ya kama ka. Ba za ka tuna ba. Lokacin Nane ta kusa gama dardumar nan, saura kamu biyu. Ta bar saƙa ta ɗauke ka zuwa asibiti a Isfahan. Wata huɗu tana kwana a ƙasa a gindin gadonka. Jan ulun da ya rage mata, wanda za ta ƙarasa da shi, ta aiko aka sayar aka sayi allurarka. Har likita ya ce ta koma gida ta yi ta addu'a, ta ce ba inda za ta."

Bahman ya daina kaɗa mukulli.

"Da ka tashi kuka dawo, babu ulu, babu halin sayen irinsa. Ta samo fari, ta rina da kanta a tukunyar miyarmu, da jar saiwa da ɓawon rumman. Ni na hura mata wutar. Launin bai zo daidai ba. Da shi ta saƙa har faɗin tafin hannu, kafin kawu ya kawo mata na kirki. Dillalai sun ce ta warware wurin, darajar dardumar za ta ninka. Ta ce ko za a ba ta Kashan da abin da ke cikinta ba za ta warware ba."

Shokat ta share ido da bakin mayafi.

"Kullum in ta idar da salla sai ta ɗora hannu a wurin ta ce, nan ne Allah ya dawo min da Bahman. Shekara arba'in tana faɗa. In ka leƙo ka fita da saurin nan naka, ta shafa wurin ta ce, bar shi ya yi ta gudu, ai ni na roƙa masa ƙafafun. A kan layin nan ta cika, hannunta na kai."

"Abji... ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Da ka taɓa zama na minti goma, da ta gaya maka da bakinta. Ta so ta gaya maka."

Aka je maƙabarta aka dawo, gida ya cika. Mai karatu ya yi karatu, aka raba halwa da shayi. Baƙin Tehran suka yi ta yaba darduma. Wannan ya ce kamar yau aka sauke ta daga masaƙa, wancan ya ce lallai Agha Bahman ya san hakkin uwa. Kowace kalma sai ta soke shi har cikin rai.

Abji Shokat kuwa, tun daga Fatihar farko har aka watse, ba ta taka dardumar ba. A gefe ta zauna, a kan tayil mai sanyi. Mahin ta kawo mata matashi ta ƙi karɓa.

Washegari Bahman ya koma Fin. Bai yi hon ba, bai ɗaga murya ba. Ya sauke darduma da kansa ya warware a gaban tsohon, ya tsaya kansa a ƙasa.

Usta Nosrat bai ce na gaya maka ba. Ya jiƙa farin ƙyalle ya goga a inda layin yake a da. Ƙyallen ya fito ja.

"Ka gani? Ba cirewa suka yi ba, fenti suka shafa masa a kai. Furen tsakiya kuwa bilic suka zuba, ya ƙone ulun." Ya ja da yatsa biyu, gashin ya biyo hannunsa kamar auduga. "Wannan ya mutu. Zai yi ta zubewa har zaren ƙasa ya bayyana, babu mai dawo da shi."

Bahman ya runtse ido. "Layin fa, Usta?"

Tsohon ya lanƙwasa dardumar a daidai wurin, gashin ya buɗe. Can ƙasa, a gindin kowane ƙulli, ga launin nan ƙasa-ƙasa na tukunyar miya.

"Fentinsu bai kai gindi ba, su ma sauri suke yi. In aka bi shi da ruwan sanyi da tafin hannu, kaɗan yau, a bari ta bushe, kaɗan wani mako, wataƙila ya saki. Ba zai dawo kamar da ba. Kuma ni ba zan yi ba, bayana ya gaji."

"Wa zai yi?"

"Wanda ya ɓata."

"Kwana nawa zai ɗauka?"

Usta ya dube shi kawai. Bahman ya gane, ya ciro waya daga aljihu ya kashe, ya rataye rigarsa a reshen bishiyar nan kusa da ta tsohon.

Tun daga ranar, duk Juma'a da hantsi yana bakin ruwa a durƙushe. Ya ɗebo da tafi, ya zuba, ya danna da farin ƙyalle, ya matsa gaba kaɗan. Makon farko sau uku yana miƙewa zai tafi, Usta na ce masa hanya a buɗe take, sai ya koma ya durƙusa. Sanyi ya shigo, hannayensa suka farfashe. Ranar da ya fara shanye kofin shayi har ƙasa, tsohon ya ce a buga ganga.

Sai gab da sabuwar shekararmu ta ƙarshen hunturu, bayan wata biyar, ya naɗe darduma ya kai gidan yayarsa. Farin furen ya riga ya fara sanƙo, zare na leƙowa a tsakiyarsa, kuma haka zai zauna har abada. Layin ya fito, amma dishi-dishi, sai wanda ya san da shi zai gan shi.

Shokat ta durƙusa ta daɗe tana dubawa. Ta ɗora hannu a wurin. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Matsawa ta yi gefe kaɗan ta bar masa wuri.

"Zauna," ta ce.

Bahman ya zauna a inda mahaifiyarsa take zama, ya ɗora tafinsa mai faso a kan layin. Faɗinsu ɗaya. Ya kifa kai ya yi kukan da bai samu lokacin yi ba ranar jana'iza, kuma har aka kira la'asar bai tashi ba.

Darasi: Garin gyaran gira ake rasa ido. Ba kowane abin da ya yi maka kama da aibi ne aibi ba, wani tabon tarihin wahalar da aka sha ne saboda kai. Kafin ka goge, tambaya. In ka yi ɓarna ka faɗi gaskiya tun tana ƙarama, in masani ya ce ka jira ka jira. Wanda kuma iyayensa ke raye, ya je ya zauna, zama na gaske, ya ji abin da suke son gaya masa tun bakinsu na motsi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wannan ɗan'uwan naku da kullum yake cewa sauri yake yi.